Sharhin Fim: Wa Ke Cika Rumbun Abincin Daniel Blake?

A cikin finafinan da aka yi game da talauci a Birtaniya, da wuya a sami wanda ya kai "I, Daniel Blake" tasiri. Ken Loach ne ya ba da umarni, Paul Laverty ya rubuta labarin, ya fito a 2016, kuma a shekarar ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa. Labari ne na wani kafinta ɗan shekara 59 a birnin Newcastle, wanda ciwon zuciya ya kwantar, likita ya hana shi aiki, amma masu tantancewa suka ba shi maki 12 alhali sai da 15 ake samun kuɗin marasa lafiya. Daga nan sai yawon ofis, da cike takardu a kwamfuta wadda bai iya ba, har ya faɗi ya rasu a banɗaki ranar da za a saurari ƙararsa.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne wurin rabon abinci kyauta. Katie, uwar 'ya'ya biyu da aka kwaso daga Landan saboda rashin gida, ta shiga layi, aka fara zuba mata kaya a leda, sai yunwa ta ci ƙarfinta ta buɗe gwangwanin wake tana ci da hannu tana kuka. Babu kiɗa, kyamara ma ta tsaya daga nesa kamar mai jin kunya. Duk wanda ya kalli wurin nan bai ji ƙwalla ba, to a duba zuciyarsa.

To amma a nan ne kuma nake da ja. Loach ya raba duniya gida biyu: ofishin gwamnati mai rashin imani, da 'yan sa-kai masu tausayi. Bai tambayi inda rumbun ke samun abin rabawa ba, bai kuma tambayi wa ke biyan hayar zauren da kuɗin wuta ba. Abin da ya biyo bayan fim ɗin ya nuna gidajen biyu ƙofarsu ɗaya. A watan Oktoba na 2021 gwamnati ta janye ƙarin fam 20 na kowane mako da ta yi wa masu karɓar Universal Credit lokacin annobar korona, ƙarin da ke cin kusan fam biliyan 6 a shekara. A wannan watan dai ta buɗe wani asusun tallafa wa iyalai na fam miliyan 500, ta bi da shi ta hannun ƙananan hukumomi, su kuma suka miƙa wani kaso ga ƙungiyoyin unguwa da wuraren rabon abinci. Wato an karɓe tuwo an ba da loma, an kuma ce ƙungiya ta raba lomar.

Bambancin ba na yawan kuɗi ba ne kawai. Abin da doka ta ba mutum haƙƙinsa ne, in an hana shi yana iya ɗaukaka ƙara, kamar yadda Daniel ya yi. Tallafin da ya bi ta ƙungiya kuwa alfarma ce, in ya ƙare ya ƙare. Ita kanta ƙungiyar roƙo take yi, domin an riƙa sabunta asusun ne wata shida ko shekara guda. A 2024 sai ranar 6 ga Maris aka sanar da ƙara wa'adinsa, saura mako uku da 'yan kwanaki ya ƙare. Ta yaya za ka ɗauki ma'aikaci a kan kuɗin da ba ka san ko zai kai wata mai zuwa ba? Ƙungiyar Trussell kaɗai ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 tsakanin Afrilun 2023 da Maris na 2024.

Rauni na biyu ya fi shafarmu. An yi Daniel mutumin kirki fiye da kima: ya yi aiki shekara da shekaru, ya biya haraji, ya yi jinyar matarsa har ta rasu, bai taɓa roƙon kowa ba. Hujjar fim ɗin ke nan, cewa wanda ya zuba ya cancanci ya ɗiba. To wanda bai zuba ba fa, ko wanda ya zuba amma takardarsa ta hana shi ɗiba? Bizar ɗalibi a Birtaniya tana ɗauke da sharaɗin cewa ba ya da rabo a kuɗin jama'a, babu Universal Credit, babu tallafin haya, ko da yana aikin sa'o'i 20 a mako ana cire masa haraji. Ɗalibin da kuɗin ƙaro karatunsa ya makale a gida, ga mata ga yara a ɗaki ɗaya, ba shi da ofishin da zai je a wulaƙanta shi ma. Masallaci ne, ko coci, ko ƙungiyar 'yan gida, su ma ɗin suna can suna cike takardar neman tallafi daga ƙaramar hukuma.