Gunki Ko Mutum-mutumi? Tsokaci Kan Yadda Ake Fassara Tarihin Nok Da Hausa

Wannan maƙala ta dubi wata kalma guda da masu rubuta tarihin Nok da Hausa suka saba amfani da ita, wato "gumakan Nok". Manufar ita ce a nuna cewa kalmar tana yanke hukuncin addini a wurin da kimiyya ba ta yanke komai ba tukuna.

A 1928 aka fara tono siffofin yumɓu gasasshe a ramukan kuza na ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu a Jos, wanda aka samo a yankin Jama'a, kusa da Kafanchan. Kafin nan an kafa shi ne a gonar doya don korar tsuntsaye. Ke nan aikinsa na farko a wannan zamani shi ne na mutum-mutumi, da ma'anar kalmar duka biyu.

Masanin tono yana tambaya ne: yaushe aka gina shi, da wane yumɓu, a wane zurfi aka same shi? Yakan auna gawayin da ke tare da siffar, domin rabin sinadarin kabon-14 yana gushewa cikin kimanin shekara 5,730. Da irin wannan awo ayarin Jami'ar Frankfurt, wanda ya fara aiki a 2005, ya mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (ko lissafin shekarun ma aron addini ne). Amma awon gawayi ba ya gaya wa kowa ko an yi wa siffar sujada.

Tambayar malami da fasto dabam take: wa aka bauta wa da wannan abu? Tambaya ce mai nauyi, kuma tana da muhallinta. Kuskuren mai fassara shi ne ya ɗauki amsarta ya liƙa wa rahoton masanin tono. "Gunki" a bakin Musulmi abin shirka ne. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda majami'un Kagoro da Kafanchan ke karantawa, abin ƙyama ne. Ɓangarorin da suka gwabza a Kafanchan cikin Maris 1987 sun haɗu a kan wannan kalma. Yaron da aka koya wa cewa kayan kakanninsa gunki ne ba zai ji zafi ba idan ya ga an fasa shi, ko an sayar wa dillali, kamar yadda aka yi ta yi a shekarun 1990.

Akwai kuma zamewa ta ɗaya gefen. Inda masani ya ce "ana hasashe", sai mai fassara ya rubuta "kimiyya ta tabbatar", ya ba ta muryar wa'azi da ba ta nema ba. "Mutum-mutumin yumɓu" ya fi tsawo a baki, amma iyakarsa bayyana siffa da abin da aka gina ta da shi.