Tashe a Matsayin Dandalin Wasan Kwaikwayon Yara a Zauro

3.1 Asali da Tarihi

Zauro ƙaramin gari ne a Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi, a gefen fadamar Gulbin Rima, kan hanyar da ta nufi Argungu. Tun daga 1991, lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, garin yake maƙwabtaka da babban birnin jiha. Duk da haka, mai neman wasan kwaikwayon yara a irin wannan gari ba zai same shi a cikin wani zaure mai dandamali da labule ba. A ƙofar gida ake samunsa, da dare, daga goma ga watan azumi. Wannan shi ne tashe, kuma a ra'ayin wannan nazari ya cika sharuɗɗan wasan kwaikwayo: akwai 'yan wasa, akwai shiga, akwai kwaikwayon halin wani, akwai kuma 'yan kallo.

Bayanin da ya fi yaɗuwa game da asalinsa shi ne cewa kalmar ta samu ne daga "tashi", wato tayar da mutane domin su yi sahur. Ana danganta abin da gwagware, waɗanda ba su da matan da za su tashe su, har ma a Kano akwai Nalako, Sarkin Gwagware, wanda tashensa ya shahara. Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikin waɗannan wasanni a littafinsa mai suna Wasannin Tashe. Tun da abin ya ɗauru da azumi, to a siffarsa ta yanzu bai girmi zuwan Musulunci ƙasar Hausa ba.

Sai dai wannan bayani ya tsaya ne ga suna da lokaci. Bai gaya mana dalilin da ya sa mai tayar da mutane sahur zai manna gemun auduga ya ranƙwafa kamar tsoho ba. Buga gwangwani kaɗai ya isa ya tayar da mai barci. Bugu da ƙari, yara suna fita ne bayan shan ruwa da sallar asham, sa'ad da babu wanda ya kwanta tukuna. Don haka ya fi kyau a nemi tushen kwaikwayon a wani wuri dabam, wato a cikin wasannin da yaran Hausawa suke yi a kowane wata: 'yartsana, inda 'yan mata suke kwaikwayon aure da suna, da dokin kara, inda yara maza suke kwaikwayon hawan sarki, da kuma kalankuwa ta bayan kaka, inda samari suke naɗa wa junansu sarautu su yi mulkin wasa. Abin da azumi ya ƙara shi ne 'yan kallo. Ya ba yara dare wanda manya suke zaune a waje, cikinsu a ƙoshe, hannunsu a sake saboda neman ladar sadaka.

3.2 Manufar Wasannin

Akasarin masu nazari sukan jera manufofin tashe da cewa nishaɗi ne da tarbiyya da gargaɗi. Ba a musun wannan. Wasan Mairama da Daudu, alal misali, tarbiyya ce tsantsa: yarinya ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta lulluɓe ta zama amarya, sauran suna amshi ana lissafa wa amarya yadda za ta zauna da miji da danginsa. Ana iya cewa ma darasin ya karkata gefe guda, domin Daudu ba a ɗora masa nauyin komai, zama kawai yake yi ana yi masa hidima.

Amma idan aka dubi wasannin yara maza, sai a ga tarbiyyar ta juya baya. A nan ba babba ne yake koya wa yaro ba, yaro ne yake nuna wa babba kansa. Misali mafi ƙarfi shi ne wasan malamin da ake zargi da yin rawa. Yaro yakan naɗa rawani, ya rataya tasbaha, ya riƙe allo da buzu. 'Yan amshi su tuhume shi da cewa ya taka rawa, shi kuwa ya musanta, yana kafa hujja da gemunsa da allonsa. Da gardama ta yi tsawo, sai ya ce bari ya nuna musu ɗan motsin da ya yi, kuma garin nunawar sai ya ɓarke da rawar da yake musu. Gwanintar wannan wasa tana cikin zubinsa ne. Babu wanda ya fito ya ce malam munafuki ne, jikinsa ne ya ƙaryata bakinsa a gaban kowa. Ya kamata a tuna a inda ake yin wannan. Zauro tana cikin masarautar Gwandu, ƙasar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa a kan malanta, kuma yaran da suke wasan su ne gobe da safe za su durƙusa gaban malaminsu na allo. A wata goma sha ɗaya ba su isa su ɗaga ido su dube shi ba. A 'yan kwanakin nan kuwa suna kwaikwayonsa, manya suna dariya, har su ba da tukuici.

Haka abin yake a Jatau Mai Magani. Yaro ya saɓo jakar sassaƙe da saiwoyi, yana zayyana magunguna ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cutar da yake warkarwa, har jerin ya kai ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Wasu sun ɗauki wasan a matsayin hanyar adana sunayen itatuwa. Wannan ma yana nan, amma abin da yake ba mutane dariya shi ne cika bakin mai tallar magani a kasuwa, wanda kowa ya san irinsa. Tsoho da Gemu ya fi su laushi, domin ya haɗa zolaya da tausayi: ana dariyar tafiyar tsohon, ana kuma roƙa masa taimako. Macukule kuwa, wanda yake kwaikwayon Bagware, shi ne mafi rauni ta fuskar manufa. Ba ya sukar wani hali da mutum ya zaɓa wa kansa, ƙabila kawai yake yi wa ba'a, kuma barkwancin da babu abokin wasa a wurin da zai rama bai cika barkwanci ba.

Ƙimar wannan 'yanci takan fito sarai idan aka kwatanta tashe da wasan kwaikwayon makaranta. Rubutaccen wasan Hausa ya faro ne da Six Hausa Plays na R. M. East, sa'annan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka tsara domin koyar da tsabta da kiwon lafiya. A wannan tafarki malami ne yake rubutawa, shi yake raba matsayi, yara kuwa su haddace su maimaita a ranar bikin ba da kyaututtuka. Saƙon daga sama yake saukowa. A tashe babu marubuci, babu mai ba da umarni. Yaran unguwa su suke zaɓen jagoransu, su harhaɗa kayan shiga daga tsumma da toka da baƙin tukunya, su yi gwaji a bayan gari, su kuma raba abin da suka samu. 'Yan mata su kifa ƙwarya a ruwa ta zama ganga. Yaron da bai iya ba, ƙofar gida ta farko za ta gaya masa, domin ba za a yi dariya ba.

Wurin da wasan yake samun tawaya shi ne wajen tukuici. A da hatsi ake bayarwa ko 'yan kwabbai, bayan an gama kallo. Inda kuɗi suka zama su ne manufa, sai shiga ta ragu, amshi ya gajarce, yara su tsaya bakin shago suna buga gwangwani har a sallame su. A manyan birane kuma ɓata-gari sun fake da shi, abin da ya sa rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta hana tashe a azumin 2024. Ƙaramin gari yana da kariyar da birni ba shi da ita, domin mai gida ya san ɗan wane ne a bayan gemun audugar, yaron ma ya san an san shi. Wannan sanayya ce take ba shi damar zolayar babba, ita ce kuma take hana shi wuce gona da iri. Sai dai ba ta hana wasan komawa bara ba, musamman yanzu da finafinan Kano da wayar hannu suka ɗauke wani kaso na 'yan kallon da a da tashe ne kaɗai abin kallonsu a daren azumi.

Sashe na gaba zai dubi zubi da tsarin wasannin 'yan mata, da yadda karin harshen Kabi yake fitowa a cikin amshinsu.