Idon Baƙo a Kan Zaɓen Fid da Gwani: Misalin Umaru Musa 'Yar'aduwa

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne irin siffar da jaridun Ingila da Amurka suka yi wa Umaru Musa 'Yar'aduwa sa'ad da jam'iyyar PDP ta tsai da shi takarar shugabancin Nijeriya a Abuja, cikin Disamba 2006. Siffar nan ƙafa uku gare ta: wai mutum ne da ba a san shi ba, ba shi da isasshiyar lafiya, kuma Shugaba Obasanjo ne ya ɗauko shi ya ɗora. Ya kamata a auna kowace ƙafa dabam, gama ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce mafi rauni. In an ce ba a san mutum ba, sai a tambaya, wa ya rasa saninsa? Mahaifinsa, Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Wansa Shehu shi ne na biyu ga Obasanjo a mulkin soja daga 1976 zuwa 1979. Shi kansa Umaru ya riƙe gonar Sambo a Funtuwa daga 1983 zuwa 1989, ya nemi gwamna a 1991 Sa'idu Barda ya kayar da shi, sa'an nan ya mulki Jihar Katsina tun daga 1999. Manoman auduga da masara na Funtuwa da Malumfashi sun san shi shekaru da yawa kafin wakilan jaridun waje su ji sunansa. Watau marubucin ya ɗauki rashin saninsa ya mai da shi halin wanda yake siffantawa. Har wa yau, laƙabin da suka saba, na Musulmi ɗan Arewa, bai bambanta komai ba a zaɓen 2007, tun da yake babban abokin hamayyarsa, Muhammadu Buhari na Daura, shi ma Musulmi ne, kuma jiharsu ɗaya.

Amma fa sauran ƙafafun biyu sun tsaya da ƙarfi. Rashin lafiyar ta tabbata, har ya rasu a kan mulki cikin Mayu 2010. Batun ɗorawa kuwa, gwamnonin da suka nemi kujerar sun janye kafin a jefa ƙuri'a, wakilai suka zuba masa ƙuri'a fiye da 3,000. Nan baƙo ya ga abin da farin cikin ɗan gida ya rufe wa mutane da yawa. 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa, ran da aka rantsar da shi, cewa babban zaɓen yana da naƙasa, ya kuwa kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara.

Akwai darasi ga malamin Hausa a nan. Kalmar zaɓen fid da gwani ita muke sa wa abu biyu da ba su yi kama ba. A Amurka talakawa ne ke fita jiha bayan jiha, wata da watanni, kamar yadda mutanen Ayowa, ƙasar noman masara, suka fara ɗaga Obama a kan Hillary Clinton cikin Janairu 2008. A taron 2006 kuwa wakilai ne suka taru dandali guda, aka gama a zama ɗaya. Mai sauraron rediyo a Malumfashi, in ya ji kalma ɗaya ga abubuwan nan biyu, sai ya shiga neman wanda ya ɗora Obama, kamar yadda Bature ya shiga neman farin jinin 'Yar'aduwa a inda ba a auna shi ba. Laifi tudu ne.

Saboda haka ga shawararmu ga masu koyar da ɗalibai karatun jarida. Rahoton baƙo a kan tsarin zaɓe, a karɓe shi da muhimmanci, domin ba ya da ɗan'uwa a cikin 'yan takara. Hukuncinsa a kan mutum kuwa, kada a ɗauka sai an gwada shi da shaidar waɗanda suka zauna ƙarƙashin mutumin, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.