Yatsun da Suka San Zare

Ƙwararren mai wanki da guga a Unguwar Gano da ke Kano ba ya tsoma riga a ruwa sai ya murza gefenta da yatsu. So yake ya san ko auduga ce, ko siliki, ko roba. In yatsu sun yi kokwanto, sai ya tsinko zare ɗaya daga cikin kalmasa ya ƙyasta ashana. Auduga takan ci da sauri, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Siliki, irin su tsamiya, da ulu ƙaurin gashi suke yi, su dunƙule su zama gawayi mai marmashewa. Roba kuwa narkewa take yi ta daskare.

Hancin nasa bai yi ƙarya ba. Kusan duk jikin auduga sinadarin selulos ne, wanda da shi ake yin takarda. Tsamiya daga tsutsa take, ulu daga tumaki, dukansu furotin ne, dangin gashi. Don haka toka da kanwa da sabulu mai kaifi ba sa cutar da auduga, amma suna cinye tsamiya da ulu. Wannan juriya ce ta sa marinan Ƙofar Mata, da aka ce sun faro tun 1498, suke tsoma farin saƙi a ruwan baba da toka sau da yawa ba tare da zaren ya ruɓe ba. Auduga ma ƙarfi take ƙarawa in ta jiƙe, siliki kuwa rauni yake yi. Shi ya sa babbar riga mai aikin tsamiya a wuya take samun wanki iri biyu: a cuɗa jikin, a lallaɓa aikin.

Ni dai bugu ya fi burge ni. Ana yayyafa wa shadda ruwa, a ninke, a ɗora a kan gungume, mutum biyu su fuskanci juna da mabugi, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Danshi yana sassauta zaren, duka ya kwantar da shi ya toshe ƙofofin saƙa, har fuskar yadin ta yi sumul ta riƙa mayar da haske. Ruwa ya yi yawa, sheƙi ba zai tashi ba. Ya yi kaɗan, zare ya karye a bakin ninki. Ba ma'auni sai tafin hannu. Da irin wannan bugu, haɗe da shuni, mutanen Kura suka fitar da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, kuma tufafin Kano ne suka ba Bature matafiyi Heinrich Barth mamaki da ya zo a 1851.

Yau yadi da yawa a Kantin Kwari gauraye yake da roba, wadda ba ta shan ruwa, kuma dutsen guga mai gawayi na iya narkar da ita. Shi ya sa daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni za ka ji gwani ya murza riga ya ce, "Alhaji, wannan ba ta bugu ba ce, guga mai sanyi za a yi mata."