Idodin Tsarkaka a Tsakiyar Damina: Nazari a kan Kalandar Agusta

Kalandar ikilisiya wani irin littafi ne da ake ratayewa a bango. Mutane ne suka tsara shi, suka zaɓi sunayen da za su shiga, suka bar waɗansu a waje, saboda haka ya cancanci a karanta shi da idon basira kamar kowane littafi. Shafinsa na Agusta yana cikin mafi cika a shekara. Ranar 6 ga wata ana tuna Sākewar Kamannin Ubangiji a kan dutse, ranar 10 Lorens shahidin Roma, ranar 15 Budurwa Maryamu, ranar 24 manzo Bartalamawas, ranar 25 Luwis sarkin Faransa, ranar 27 Monika, ranar 28 ɗanta Agustin, ranar 29 kuma fille kan Yahaya Mai Baftisma. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me wannan shafi yake faɗa wa mai bi da ke zaune a Panshekara ko Sharada, kuma yaya muke karanta shi?

Tun farko ya kamata a faɗa cewa ba mu taru a kan ra'ayi ɗaya ba. 'Yan Katolika suna roƙon tsarkaka su yi musu addu'a, kuma a gare su 15 ga Agusta idin ɗaukar Maryamu ne zuwa sama, koyarwar da Paparoma Pius na 12 ya tabbatar a 1950. 'Yan Angilikan suna kiyaye da yawa daga cikin ranakun don tunawa da koyi. 'Yan'uwanmu na ECWA da Baftis kuwa galibi ba su da wannan al'ada, domin tsoron kada girmamawa ta rikiɗe ta zama sujada. Tsoron yana da tushe, musamman a ƙasar da kalmar waliyyi take tafe da ziyarar kabari da neman tabarraki. Amma a wasiƙun Bulus, kalmar tsarkaka tana nufin dukan masu bi da ke raye a Koranti ko Afisa. In mun riƙe wannan, za mu ga mutanen kalanda 'yan gidanmu ne da suka riga mu isa, kuma kowane ɗa yana da hakkin sanin tarihin gidansu.

An tsara waɗannan ranaku a ƙasashen da Agusta lokacin zafi ne da girbin alkama. A Kano kuwa marka ce. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a Dawanau, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, ruwa yana rushe katangar ƙasa. Abin mamaki shi ne wannan bambanci ya ƙara wa shafin ƙarfi a wurinmu. Lorens dikin ne mai riƙe da dukiyar ikilisiyar Roma, an kashe shi ranar 10 ga Agusta 258 a zamanin sarki Baleriyan. Labarin da ikilisiya ta gada ya ce da hukuma ta nemi ya miƙa dukiyar, sai ya tara matalauta da guragu da gwauraye ya nuna su a matsayin taskar ikilisiya. Wa'azin da aka yi a kan wannan labari a watan da uwa take ƙirga mudu yana da nauyin da ba zai samu ba a lokacin kaka.

Haka ma Bartalamawas. Bishara ta ba mu sunansa cikin sha biyun, al'adar ikilisiya kuma ta ce feɗe fatarsa aka yi, shi ya sa majema da dukawa na Turai suka ɗauke shi nasu. Wanda ya taɓa wucewa ta masana'antun jima na Challawa da Sharada ya san warin aikin da launin ruwan da ke gangarawa zuwa kogi. A cikin jama'armu akwai masu wuni da hannu cikin wannan ruwa. Da wuya a ji an ambaci sana'arsu a bagade, alhali kalanda ta ba su rana sukutum. Wannan dama ce da muke bari tana wucewa kowace shekara.

Ranaku biyu na Monika da Agustin su ne zuciyar shafin, kuma a nan zane-zanen da ke kalandunmu suka fi yi mana ƙwange. Sau da yawa ana nuna su kamar mutanen arewacin Turai. An haifi Agustin a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya rasu ranar 28 ga Agusta 430 a Hippo, wato Annaba ta yau. 'Yan Afirka ne, daga wancan gefen hamadar da ayarin Kano suka yi ɗaruruwan shekaru suna ketawa. Monika ta auri mutumin da ba mai bi ba, ta yi shekaru tana kuka saboda ɗanta har aka yi masa baftisma a Milan a 387. A wannan shekarar ta rasu a Ostiya, nesa da gida. Agustin ya rubuta cewa ta riga ta shirya kabari kusa da na mijinta, amma da ajali ya zo ta saki wannan buri, ta roƙi 'ya'yanta su tuna da ita a gaban Ubangiji duk inda suke. Iyalai nawa ne a cikinmu suka ci bashi don kai gawa Filato ko Binuwai ko kudancin Kaduna? Monika ba ta haramta wannan ba, amma labarinta yana sauke wa matalauci nauyin kunya.

Suna mafi wuya a shafin shi ne Luwis. Ba baƙo ba ne a Kano: 'yan'uwa mata na ƙungiyar St. Louis sun iso daga Ailan a 1948, makarantarsu ta 'yan mata a Bompai kuma ta yaye Kirista da Musulmi masu yawa. Luwis na 9 ya mulki Faransa daga 1226 zuwa 1270. Ya ciyar da matalauta a teburinsa, ya gina wa makafi ɗari uku gida a Paris, ya zauna da kansa yana sauraron ƙarar talakawa. Shi ɗin ne kuma ya jagoranci yaƙi zuwa Masar a 1248, aka kama shi a 1250, ya sake fita ya mutu da ciwo a bakin Tunis ranar 25 ga Agusta 1270. A mulkinsa aka ƙona littattafan Yahudawa a Paris. Taƙaitaccen tarihin da ake karantawa a ranarsa yakan tsaya a kan sadakarsa ya tsallake sauran. A garin da maƙwabcinmu na ɗaki da abokin aikinmu Musulmi ne, garin da ya ga jini a 1991 da 2004, wannan tsallake ba ƙaramin abu ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Littafi Mai Tsarki bai rufe zunubin Dawuda ko musun Bitrus ba. Paparoma John Paul na 2 ma, ranar 12 ga Maris 2000, ya nemi gafarar Allah a bainar jama'a saboda ƙarfin da 'ya'yan ikilisiya suka yi amfani da shi da sunan gaskiya. Mu faɗa wa yaranmu dukan labarin, mu nuna musu abin koyi da abin tuba.

Yanzu sai mu dubi kanmu. A wurare da dama idin majiɓincin ikilisiya ya zama ranar anko da gidauniya, inda ake kiran sunayen masu bayarwa da adadin abin da suka bayar. Gwauruwar da ba ta iya sayen atamfar bana takan zauna a gida, ko ta laɓe a kujerar baya. Ciwon tsoho ne. Monika ta saba kai abinci da ruwan inabi kaburburan shahidai bisa al'adar ƙasarsu, da Bishof Ambros ya hana a Milan ta bari ba gardama. A 395 Agustin, yana firist a Hippo, ya yi ta wa'azi har ya raba jama'a da ci da sha cikin majami'a a idin Leontiyus. Murna ba laifi ba ce, kuma ginin majami'a yana bukatar kuɗi. Amma idin da ya kori waɗanda Lorens ya kira taska ya ɓata sunan mai idin.

Akwai kuma batun lokaci. Yawancin ranakun nan suna faɗowa a tsakiyar mako. Ma'aikacin da ke aikin dare a Bompai, ko na wucin gadi da ake biya kullum, ba zai bar aiki ya zo sujadar safe ba, gama ranar da bai je ba, ba tuwo. Kalandar ta fito daga duniyar da ƙararrawar majami'a take tsai da kasuwa. A nan jiniyar kamfani ce ke da iko da agogo.

Gibi na ƙarshe shi ne sunayen da ba mu sani ba. Isidor Bakanja lebura ne a Kongo ƙarƙashin mulkin Beljiyam. Wani shugaban aiki Bature ya sa aka yi masa bulala saboda bangaskiyarsa, ya yi watanni yana jinya, ya gafarta wa mutumin, ya rasu a Agusta 1909. An ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka a 1994. Ga wanda ya san tsoron mai gida da zafin a wulakanta shi a wurin aiki, amma kaɗan ne cikin ma'aikatanmu suka taɓa jin sunansa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shafin Agusta dukiya ce, abin da ya rage shi ne mu karanta shi da idon mutanen Kano. A rubuta tarihin waɗannan bayin Allah da Hausa, cikakke, da haske da inuwa. A ajiye gajeriyar addu'ar yamma ko ta Lahadi domin masu aikin karɓa-karɓa. Baikon ranar Lorens ya zama hatsi, Zumuntar Mata ta raba shi a asirce. Watan yana buɗewa da ɗaukakar Almasihu a kan dutse, yana rufewa da kan Yahaya a kan akushi domin ya faɗa wa Hirudus gaskiya, kamar yadda Markus sura 6 ta ba da labari. Ubangiji ya ba mu alherin riƙe su biyun tare. Amin.