A Bar Wa Amarya Fuskarta

Duk mai bin shafukan masu ɗaukar hoton biki a Instagram, na Kano ne ko na Kaduna ko na Abuja, zai lura amaren yanzu duk sun koma kama ɗaya. Hanci siriri, fata fara sol, kumatu sumul babu ko ɗigon ƙurji. Yarinyar da aka haifa baƙa, ta tashi baƙa, saurayinta ya gan ta a haka ya ce ita yake so, sai ranar aurenta a zauna gaban kwamfuta a mayar da ita wata daban. Wannan yayi bai kwanta mini ba ko kaɗan, kuma ina ganin gyaransa yana hannun masu biyan kuɗin, tun daga ranar da suke zaɓen wanda zai riƙe musu kyamara.

Abin yana farawa ne daga kujerar mai kwalliya, inda ake ɗora hodar da ta fi fatar amarya haske. Fitilar kyamara ta ƙara nata. Sauran aikin kuma a Photoshop ko Lightroom ake ƙarasa shi: a goge tabo, a rage faɗin hanci, a haska fuska, a haska wuya don kada ya tona asiri. Wanda bai ƙware ba yakan manta da hannu, sai ka ga fuska fara, yatsun da ke riƙe da mayafi baƙaƙe. Wanda ya ƙware kuwa har hannun yake bi, kuma a nan ne jan lallen da aka ɓata yini guda ana jira ya kama yake komawa ruwan lemo, baƙin zanen ya dusashe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gogewar ba ta tsaya kan amarya ba. Ana goge billen gwaggo, a share 'yan bakan kaka, a cire tawadar Allah da ke gefen hancin uwar amarya, wadda kowa a dangi ya san ta da ita. Mai gyaran yana ganin aibi ya kawar, alhali shaidar gida ya cire.

Idan ka yi wa masu hoton magana, amsarsu a shirye take: abin da masu biki ke so ke nan. Akwai gaskiya a ciki. Amare da yawa da bakinsu suke cewa, "Don Allah a ɗan haska ni." Son farar fata ya riga kyamarar dijital zuwa ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo alƙaluman da suka ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Saboda haka ba mai hoto ne ya kawo ciwon ba. Sai dai shi ne yake sa masa firam ya rataye a bangon falo, inda 'yar da amaryar za ta haifa za ta tashi tana kallo, tana koyon cewa ranar da mahaifiyarta ta fi kyau a duniya ita ce ranar da ba ta yi kama da kanta ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: haska fuska a kwamfuta ya fi sauƙi a kan ɗaukar baƙar fata yadda ya kamata. Kyamara tana auna hasken abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. Ka tsayar da ango cikin farar shadda a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, rana tsaka, farin kayan zai rinjayi ma'aunin, fuskarsa ta yi duhu, idanunsa su faɗa rami. Gwani ya san ya ja shi inuwar bishiya ko bakin zaure, ya auna hasken a kan fuska, ya sa yaronsa ya riƙe faifan da ke mayar da haske. Rago kuwa zai danna kawai, da dare ya ja linzamin kwamfuta har fuskar ta yi fari fat. Wannan matsala tana da tarihi. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiran sa katin Shirley, da shi ake daidaita launi, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kayan aikin ma tun asali ba don fatarmu aka gwada su ba. Don haka mai hoton da ya iya fito da baƙar fata da sheƙinta, ja ya fito ja, wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa, ya sha wahalar koyon sana'arsa, kuma shi ya cancanci kuɗinka.

A Bamako, mai hoto Malick Sidibé ya yi shekaru yana bin bukukuwa da tarukan matasa da daddare, ya koma ɗakin hotonsa ya wanke, washegari mutane su zo su zaɓi nasu. Baƙi da fari yake ɗauka, fuskoki da gumi, takalma da ƙura, kowa yadda yake. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na birnin Benis na Italiya. A nan Nijeriya ma, J.D. 'Okhai Ojeikere ya tara hotunan kitso kusan dubu tun daga 1968, kuma yau su ne madogarar mai son sanin irin kitson da matan ƙasar nan suka yi a wancan zamani. Ayyukan mutanen nan biyu suna ƙara daraja ne domin an yarda abin da ke cikinsu haka yake.

Ɓarnar yayin ba a fuska kaɗai ta tsaya ba. Ka karɓi hotunan bikin yanzu ka duba: amarya a kan matakala, amarya a jikin mota, takalmin amarya, agogon ango, zobe a kan fure, hoton saman zauren taro da jirgi maras matuƙi ya ɗauko. Ka nemi ƙanen mahaifinta da ya yi walicci, ko gwaggon da ta taso daga ƙauye tun jajibiri ta kwana a kan tukunya, da ƙyar ka tsinci rabin fuskarta a bayan wata ƙawa. Dalili kuwa a fili yake. Mai hoton yana ɗaukar abin da zai yi masa talla ne a shafinsa, kuma tsohuwa mai goro a baki ba ta kawo mabiya. A zamanin fim, da naɗi guda hoto 36 ne, mai hoto ba shi da na ɓarnatarwa, sai ya jera dangi, manya a kujera, yara a tabarma, ya ce, "Baba, a ɗan ɗago kai, Hajiya, a matso kusa." Yanzu ana ɗaukar dubbai a yini guda, amma mutanen da aka fi saurin rasawa su ne babu.

Kuma kowa ya ga yadda ake shanya jama'a a wurin kamu ko dina, abinci ya huce, tsofaffi su gaji su tafi, saboda amarya tana can ana juya ta gaban fitilu. Lokacin da ya fi kowanne nauyi kuwa, sa'ad da aka kai ta gaban mahaifinta ya yi mata nasiha, ta rungume mahaifiyarta kafin a fita da ita, sau da yawa mai hoto ya riga ya naɗe kayansa, domin kwalliya ta ɓaci da hawaye.

Shi ya sa nake ba duk mai neman mai hoto shawara ya ajiye shafin Instagram a gefe. Hoto goma da mutum ya tsince daga biki hamsin ba su nuna komai. A ce masa ya buɗe biki guda cikakke, daga sa lalle har buɗar kai. Gani ya kori ji. A duba wanda ya fi kowa duhun fata a cikin taron, a ga yadda ya fito. A duba hotunan cikin ɗaki da na bayan magariba, inda haske ya yi ƙaranci. A ƙirga furfura. In albam ɗin babu tsoho ko ɗaya, naka ma haka zai zo.

Sauran kuma magana ce ta tun ran gini tun ran zane, kafin a ba da kafin alƙalami. A faɗa masa ƙarara ba a son a taɓa launin fata ko tsaga, iyakarsa gyaran haske. A tsayar da ranar karɓar aiki, da adadin da za a wanke a takarda, domin waya tana ɓata, filasha tana lalacewa. A yi maganar ɗora hoto a intanet: matan aure da yawa sun tsinci kansu a shafin da ba su sani ba, mayafi ya zame, don kawai sun je taya 'yar'uwa murna. Gidan da ba a son namiji ya shiga cikin mata ya nemi mace mai ɗaukar hoto, akwai su yanzu a manyan garuruwanmu, kuma a gabanta ne mata ke sakin jiki a yi guɗa a yi rawa. 

Mai hoto baƙo ne a gidanku, bai san Inna daga maƙwabciya ba. A rubuta masa sunayen waɗanda dole a ɗauka, kakanni da waliyyai da gwaggonni da uwar goyo, sannan a haɗa shi da wani ɗan gida mai wayo da zai riƙa nuna masa su, a ɗauke su da wuri tun kafin su gaji su nemi hanyar gida.