Mujallar da Aka Tsara Don a Yaga Ta

Duk inda masana tsara mujalla suka zauna lissafa gwanaye, sunaye biyu ba sa faɗuwa ƙasa: The Face ta Landan, wadda Neville Brody ya riƙa zana wa shafuka daga 1981 zuwa 1986, da Ray Gun ta Amurka, inda David Carson ya yi suna. In aka ambaci Smash Hits kuwa sai a taɓe baki. Wai takardar 'yan mata ce, hoto ya fi rubutu yawa, ba komai a cikinta sai fosta da sitika. Yawancin masu yanke wannan hukunci maza ne da suka tashi da karatun NME da Melody Maker da Sounds, jaridun kiɗa na mako-mako waɗanda tawadarsu ke baƙanta yatsun mai karatu. Hukuncin nasu akwai son kai a ciki. Idan ana maganar tsara mujallar waƙa don wasu mutane takamaimai, ta yadda da sun ɗaga ta za su san da su ake, babu wadda ta kama ƙafar Smash Hits a Ingila.

Tarihinta ba ya buƙatar dogon zance. Nick Logan, wanda ya yi editan NME daga 1973 zuwa 1978, shi ya kai wa kamfanin EMAP shawarar kafa ta. Fitowar farko ta shiga kasuwa a Nuwamban 1978 da hoton ƙungiyar Blondie a bango. Da farko wata-wata take fita, ba a jima ba ta koma mako biyu-biyu. A shekarun 1980 ta bi ta hannun editoci David Hepworth da Mark Ellen da Steve Bush da Barry McIlheney, zamanin da Duran Duran da Wham! da Culture Club da Madonna ke tashe. A 1989 fitowar da ta ɗauko Kylie Minogue da Jason Donovan ta sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya. An rufe ta a Fabrairun 2006. Shi dai wannan Logan ɗin ne ya kafa The Face a 1980, wato mutum ɗaya ake yabo a can, a raina aikinsa a nan.

Ƙashin bayan Smash Hits shi ne shafin baitocin waƙa, kuma a kansa ya kamata a tsaya.

A ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha uku a wani gari na Ingila a 1982. Ranar Lahadi da yamma tashar Radio 1 ta BBC tana kawo jerin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a makon. Yarinyar tana zaune gaban rediyo mai kaset, yatsanta a kan maɓalli, tana jiran waƙar da take so ta ɗauka kafin muryar mai gabatarwa ta shigo. Ta samu waƙar, amma kalmomin ba su zo hannu ba. Ƙaramin faifan nan mai waƙa ɗaya a kowace fuska yawanci ba ya zuwa da rubutun baitoci, mawaƙin kuma yana haɗiye rabin kalmominsa cikin kiɗa. Tana rera amshi daidai, in an zo tsakiya sai ta koma gunaguni. Wannan giɓi Logan ya hango. Ba shi ya fara sayar da baitoci ba. Kafin shi akwai ƙananan mujallu masu araha irin su Disco 45 da ke wannan sana'a. Abin da ya ƙara shi ne mutunci: takarda mai sheƙi, launi, hoton da ƙwararre ya ɗauka, da tsari irin na mujallar manya.

Siffar shafin kanta daga siffar waƙa ta fito. Baiti gajeren layi ne, don haka siririn ginshiƙi ya ishe shi, sauran fili kuwa ya zama na hoto. Ga mawaƙin tsaye a gefe, ga kalmominsa suna gangarowa kusa da kafaɗarsa, kamar daga bakinsa suke zubowa. Amshi ba sai an yi ta maimaita shi ba, a rubuta shi sau ɗaya, in ya sake zagayowa a yi nuni da cewa a koma masa. Wannan ba rowar takarda kaɗai ba ce. Ido yana ganin ginin waƙar a fili: ga baiti, ga amshi, ga inda ake komawa. Yaron da bai taɓa jin darasin adabi ya shige shi ba, a nan yake fara gane cewa waƙa gini ce mai ɗaki-ɗaki.

Sannan shafi ne da ba a karanta shi a zaune shiru. Ana riƙe shi da hannu ɗaya ana rerawa, ko a shimfiɗa shi a gado, ko kai uku su haɗu a kansa a bayan aji. Ido yakan bar layi ya dawo, kuma dole ya sami inda ya tsaya kafin kiɗa ya wuce shi. Duk wata ƙawa da za ta hana hakan ta ɓata aikin. A nan ne bambancinta da Ray Gun ya fito sarai. A 1994 David Carson ya ga wata hira da aka yi da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya buga ta da Zapf Dingbats, wasu alamomi na taurari da kibiyoyi da ba sa karantuwa, aka mayar da ainihin rubutun can ƙarshen mujalla. Har gobe ana nuna wannan shafi a makarantun zane ana jinjina masa. To, amma wa aka yi wa shi? 'Yan uwansa masu zane. Wanda ya cire kuɗinsa don ya ji abin da Ferry ya ce, shi aka bari yana lalube.

A ƙasan kowace waƙa kuma akwai wani ɗan layi da ƙananan baƙaƙe, wanda ke faɗin wanda ya rubuta kalmomi da kiɗa, da kamfanin da ya ba da izinin bugawa. Doka ce ta sa shi, amma amfaninsa ya wuce doka. Daga nan yarinyar take gane cewa wani lokaci kyakkyawan saurayin da ke hoto ba shi ya rubuta abin da yake rerawa ba, wani lokaci kuma shi ne. Wannan ilimi ne na gaske game da sana'ar waƙa, an ba ta shi ba tare da wa'azi ba.

Wace waƙa za a buga? Nan ma ba son ran edita ke hukunci ba, kasuwa ce. Abin da ke hawa jerin mako shi ke samun shafi, don haka a fitowa ɗaya za a iya ganin The Jam masu zafin siyasa a nan, a buɗe gaba a tarar da waƙar disko ko rege. Jaridun mako-mako sun saba gaya wa mai karatu abin da ya dace ya so, da abin da ya kamata ya ji kunyar so. Smash Hits tana farawa ne daga abin da ya riga ya maƙale a bakinsa. Ko fitowar mako biyu-biyu ta yi daidai da wannan: wata guda ya yi wa waƙar yayi nisa, tana iya faɗuwa kafin a kai maɗaba'a, kowane mako kuma ya yi wa kuɗin tara nauyi.

Abu na ƙarshe game da shafin shi ne an yi shi ne don a cire shi. Fostar tsakiya tana zaune a inda ƙarfen ɗinki yake, a ɗaga shi da farce ta fita ba yagewa. Shafin baitoci ma ƙarshensa bangon ɗaki ne ko murfin littafin makaranta. Mai tsara irin wannan mujalla dole ya riƙa tunanin bayan kowane shafi, domin in ya sa taurari biyu baya da baya ya tilasta wa yarinya zaɓen wanda zai fuskanci bango. Masu nazari suna son mujallar da za a jera a kanta shekara talatin ba ta yi ko lanƙwasa ba. Wannan kuwa nasararta ita ce a wayi gari ta watse, rabi a bango, rabi a jakar ƙawa.

Masu cewa babu rubutu a cikinta ba su karanta ta ba. Tana da harshenta na kanta, wanda marubucinta Tom Hibbert ya fi kowa ginawa: laƙabobin tsokana ga manya irin su David Bowie da Paul McCartney, da shafin wasiƙu inda wani da ake kira Black Type ke ba da amsa da baƙaƙe masu kauri. Maimakon a tambayi mawaƙi falsafar sabon faifansa, sai a tambaye shi ko mahaifiyarsa tana buga golf, kuma sau da yawa irin wannan tambaya ta fi fito da halin mutum. Wanda ya gane wasan ya zama ɗan gida. A 1987, ana gab da zaɓe, Firaminista Margaret Thatcher ta zauna Hibbert ya yi hira da ita, domin ofishinta ya san inda matasa ke taruwa. Mataimakin edita Neil Tennant kuwa daga ofishin Smash Hits ya fita ya zama mawaƙin Pet Shop Boys, waƙarsu ta hau saman jeri a farkon 1986.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa sauƙin nan zaɓi ne ba gazawa ba, ita ce mujallar Q. A 1986 Hepworth da Ellen suka kafa ta a kamfani ɗaya, don manya masu albashi da suka fara sayen faifan CD. Sai ga dogayen hirarraki, ga sharhin faifai rututu kowanne da makinsa na taurari, ga kauri irin na littafi. Babu shafin baitoci, domin wannan mai karatu ba rerawa yake son yi ba, so yake a gaya masa inda zai sa kuɗinsa. Hannu ɗaya ya ɗinka rigunan biyu, kowacce da awon mai ita.

Ɗalibai masu koyon wannan aiki akan sa su fara da jadawali: shekarun mai karatu, jinsinsa, abin da ke aljihunsa, launin da aka ce yana so. Daga nan sai a zuba ruwan hoda in mata ake nufi, baƙi da ja in maza ne, a ce an gama. Wannan jadawali na masu talla ne. Tambayar mai tsara shafi daban take: me hannun mutumin nan zai yi da takardar, a ina, da wa, kuma me ya rasa wanda ba ya samu a wani wuri? Mutuwar Smash Hits ma ta nan ta biyo. BBC ta fito da mujallar Top of the Pops a 1995, aka shiga tseren ƙananan yara da kyaututtukan da ake manna wa bango. Intanet kuma ta zo ta ba da baitoci kyauta, kuɗin tara ya koma katin waya. Lokacin da aka rufe Smash Hits tana sayar da kwafi kusan 120,000, amma abin da aka gina ta a kansa ya riga ya bar hannunta.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan zance. Ya san littafin makarantar da aka keɓe bayansa don kwafar baitoci, na fim ɗin Indiya ko na Hausa, ana tsayar da kaset ana mayarwa. Ya san kuma cewa rubuta waƙa a takarda tsohuwar al'ada ce a nan, tun zamanin ajami, har zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 tana ba mawaƙa fili. Waƙar baka ce ta daɗe tana jiran mai rubuta ta. Sai da masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka duƙufa suna saurare suna rubutawa kafin ta sami diwani, tarihin Mamman Shata kuwa, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa, sai a 2006 ya fito, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Shi Shemen ne ya kafa mujallar Fim a 1999, kuma a inuwar mujallun fim mawaƙan zamani suka fi samun labarinsu a takarda.

Za a ce ai yanzu baitocin Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker suna nan a waya. Suna nan, amma a wane hali? Sau da yawa babu ƙugiya ko ɗaya, ƙafa ta koma kafa, gaɓa ta koma gaba, an haɗe "ba ta" ta zama "bata" har ba a rarrabe ta da ɓata. Ba a raba baiti da amshi, ba sunan wanda ya yi kiɗa, ba sunan 'yar amshi, ba sutudiyo, ba shekara. Giɓin da intanet ta cike wa yarinyar Ingila bai ciku ba ga mai sauraron Hausa. Duk wanda ke shirin tsara mujallar waƙa don matasan Kano ko Maraɗi, a takarda ko a fuskar waya, yana da shafin da zai fara da shi: waƙa guda, an ji ta daga bakin mai ita an tantance kowace kalma, an jera ta baiti-baiti da ƙugiyoyinta, hoto a gefe, a ƙasa kuma sunan duk wanda ya sa hannu da shekarar da aka yi ta.